Yadda Ake Riƙe Katin Bashi Mai Yawan Caji a Amurka Har a Samu Ƙarin Iyaka

Duk wanda ya sauka Amurka, ko shago nawa ya baro a Kantin Kwari, ko motoci nawa yake da su a Maradi ko Kumasi, bankunan ƙasar nan kallon baƙon da ba a san asalinsa ba suke yi masa. A gida mutum yakan karɓi kaya bashi saboda an san mahaifinsa, ko saboda wani dattijo ya tsaya masa. A nan takarda ce take tsaya wa mutum, ita ce ake kira kiredit. Mai gidan haya zai duba ta, dillalin mota zai duba ta, a jihohi da yawa har kamfanin inshorar mota yana dubawa. Wanda ba shi da ita, ko yana da ita amma ta lalace, shi ne ake yi wa tallan wani irin katin bashi mai ƙaramar iyaka da tarin caji, wanda suke kira sabfirayim.

Da irin wannan katin na fara, a shekarata ta biyu a Bronx, cikin birnin New York. Iyakarsa, wato mafi yawan bashin da za a iya ci da shi, dala 300 ce. Kafin a buɗe min asusun na biya dala 95, ranar da ya iso kuma na tarar an riga an ɗora masa dala 75 kuɗin shekara. Tun daga lokacin na zauna da 'yan'uwa da yawa, bayan sallar isha'i ko a wurin jiran fasinja, muna karanta irin waɗannan takardu layi-layi. Abin da na fahimta shi ne wannan kati tsani ne. Ana taka shi a hau, ba a shimfiɗa tabarma a kansa.

Wata magana kafin mu shiga aiki. Yarjejeniyar kusan kowane katin bashi a ƙasar nan tana ɗauke da sharaɗin kuɗin ruwa, kuma malamai sun saɓa a kan sa hannu a kanta. Akwai masu hanawa ko da mutum zai riƙa biya da wuri, akwai masu sassautawa ga mazaunin ƙasa irin wannan muddin ba zai bari ruwa ya hau kansa ba. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Hanyar da zan nuna maka dai gaba ɗayanta an gina ta ne a kan kada ka taɓa biyan ko sisin ruwa.

Kayan aiki

Kana buƙatar lambar SSN, wato lambar shaidar mutum ta Social Security da gwamnatin Amurka take bayarwa. In ba ka da ita, lambar haraji ta ITIN tana shiga a wasu bankuna, ba duka ba, don haka ka tambaya kafin ka cike takarda. Kana buƙatar asusun banki na yau da kullum wanda za ka riƙa biyan katin daga cikinsa, da adireshin da wasiƙa take iske ka da gaske. Kada ka ba da adireshin ɗakin da za ka tashi daga cikinsa wata mai zuwa. Ka tanadi shaidar abin da kake samu, wato takardar albashi, ko takardar harajin bara in tuƙi kake yi ko sana'ar kanka. Sai ƙaramin littafi da biro. In da hali, ka ware dala 200 da ba za ka buƙace ta ba har shekara ta zagayo, za ka ga amfaninta a mataki na 2.

1. Ka fara sanin matsayinka

Manyan kamfanoni uku ne suke ajiye tarihin bashin mutane: Equifax, Experian da TransUnion. A shafin AnnualCreditReport.com za ka ciro rahotonka na dukkansu kyauta, yanzu ma kowane mako ana iya cirowa. Duk shafin da ya nemi lambar katinka kafin ya ba ka rahoto, ba shi ba ne.

Ka karanta da natsuwa, musamman mu da sunayenmu suke kama da juna. Muhammad Abubakar nawa ne a unguwa ɗaya? Ana samun bashin wani ya faɗo cikin rahoton wani. In ka ga abin da ba naka ba, ka rubuta wa kamfanin ƙorafi, doka ta ba su kimanin kwana 30 su bincika.

Makin kiredit da ake fitarwa daga rahoton, wanda ake kira FICO, yana farawa daga 300 ya tsaya a 850. Ƙasa da 580 ana ɗaukarsa mai rauni, daga 670 ake cewa ya yi kyau. Abu biyu ne suka fi nauyi a lissafinsa: biya a kan lokaci yana da kashi 35 cikin 100, yawan bashin da ke kanka idan an gwada da iyakarka yana da kashi 30. In sabon zuwa ne kai, ba ka da maki sam, kuma FICO ba ya fitowa sai asusunka ya yi wata 6 a buɗe. Rashin maki daban, mummunan maki daban. Sabon zuwa yakan samu kati mai sauƙi fiye da wanda ya taɓa cin bashi ya gudu, saboda haka kada ka ɗauka katin caji ne kaɗai rabonka.

2. Ka ƙwanƙwasa ƙofofin da suka fi araha tukuna

Ƙofa ta farko ita ce katin jingina. Za ka ajiye kuɗinka, misali dala 200, su ba ka kati mai iyakar dala 200. Kuɗin naka ne, za su dawo maka da shi ranar da ka rufe asusun ba bashi, ko ranar da suka mayar da katin na gama-gari. Discover it Secured da Capital One Platinum Secured duk ba su da kuɗin shekara. Mutane suna gudun wannan kati wai don me za su ba banki kuɗinsu sannan ya ranta musu. Amma ka auna: ɗari biyun jingina tana dawowa, ɗari da saba'in ɗin da na biya a shekarar farko ba ta dawo ba.

Ƙofa ta biyu ƙungiyoyin ajiya da lamuni na unguwa ko na ma'aikata, waɗanda mambobi ne suka mallake su. Masu rajistar tarayya a cikinsu ba sa wuce kashi 18 cikin 100 na ruwa, cajinsu kuma kaɗan ne. Ta uku, wani ɗan'uwa mai tsohon kati mai tsabta ya sa sunanka a matsayin wanda aka yarje wa amfani da katin. Ba sai ya miƙa maka katin a hannu ba, a bankuna da yawa tarihin zai fito a rahotonka. Sai dai in ya makara da biya, kai ma ƙurar za ta same ka.

Yawancin bankuna suna da shafin gwaji, inda za ka ga ko za su karɓe ka ba tare da an taɓa makinka ba. Ka yi amfani da shi. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya cike takardar neman kati biyar a mako ɗaya. Kowace nema tana barin tabo a rahoto har shekara 2, banki na shida kuma zai ga alamar mutumin da ya matsu.

In duk waɗannan sun rufe, ba ka da kuɗin jingina kuma ba mai tsaya maka, sai mu zo kan katin caji.

3. Ka fitar da farashin katin da dala, a rubuce

Nan ne aikin yake. A kowace takardar tallan kati akwai wani jadawali mai layuka da doka ta tilasta a buga, ana kiransa akwatin Schumer, da sunan Chuck Schumer, ɗan majalisar tarayya daga New York da ya tsaya a kan dokar a 1988. Ka bar hoton katin da manyan haruffan da ke cewa an amince da kai, ka juya bayan takardar ka nemo akwatin. Ka ja layi a littafinka ka raba shafi biyu, shekarar farko da shekara ta biyu.

Ka san abin da doka ta ce. A 2009 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ake kira CARD, wadda ta hana banki karɓar cajin da ya wuce kashi 25 cikin 100 na iyakar kati a shekarar farko. Kafin wannan doka ana ba mutum kati mai ƙaramar iyaka, caji ya cinye fiye da rabinta tun bai sayi komai ba. Yanzu in iyakar dala 300 ce, cajin shekarar farko ba zai haura 75 ba. Shi ya sa za ka yi ta ganin wannan 75 ɗin, sun kai ta har bakin layi sun tsaya.

Amma dokar tana da ƙofofi uku da ya kamata ka sani. Na ɗaya, kuɗin da aka karɓa kafin a buɗe asusu ba ya cikin lissafin. An so a sa shi ciki, wani banki a jihar South Dakota ya kai ƙara kotu, a 2013 hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta CFPB ta gyara ƙa'idar ta bar shi a waje. Ta wannan ƙofar dala 95 ɗina ta fita. Na biyu, tarar makara ba ta cikin kashi 25 ɗin. Na uku, kuma shi ne ya fi kama mutane, kariyar shekara ɗaya ce tak. Daga wata na 13 ake fito da kuɗin wata-wata, wanda a shekarar farko aka rubuta masa sifili.

Ga yadda shafina ya kasance. Shekarar farko: 95 da 75, dala 170 ke nan. Shekara ta biyu: kuɗin shekara ya sauka zuwa 45, wanda ya sa na ɗauka sauƙi ya zo, amma ga dala 6.25 kowane wata, wato 75 a shekara, jimilla 120. A shekara biyu dala 290 a kan katin dala 300, ban ci ruwa ba, ban makara ba. In ka haɗa naka lissafin ka ga ya doshi haka, ka sake tunanin katin jingina ko da za ka yi wata biyu kana tara kuɗin.

Sauran layukan da za ka duba: APR, wato ruwan shekara, wanda a irin waɗannan katuna yakan kai 30 zuwa 36 cikin 100. A kan 36, bashin dala 200 yana haifar da kusan dala 6 kowane wata. Sai cajin cirar tsabar kuɗi, cajin amfani da kati a ƙasar waje, wanda yakan kai kashi 3 kuma zai same ka in ka je gida ko Umara, cajin ƙarin kati na iyali, da cajin ƙarin iyaka, wanda za mu dawo kansa.

Akwai layi ɗaya da ya fi duka muhimmanci ga mai gudun riba, wanda yake bayanin yadda ake kauce wa ruwa a kan sayayya. In ya ce ba za a ɗora maka ruwa ba muddin ka biya duka kafin ranar biya, to katin yana da kwanakin rangwame. In ya ce ruwa yana fara hawa tun ranar da aka yi sayayya, ka ajiye takardar. Doka ba ta tilasta wa banki ba da rangwamen ba, kuma akwai katunan da ba su da shi. Abu na ƙarshe, ka tabbata suna kai rahoto ga kamfanonin nan uku duka. Katin da ba ya kai rahoto ba shi da abin da zai ƙare ka da shi.

4. Ranar da katin ya iso

Kada ka yi sayayya tukuna. Ka buɗe takardar yarjejeniya da ta zo da shi ka gwada da abin da ka rubuta. In iyaka ko caji sun saɓa, ka kira su kafin ka taɓa katin, domin dama ta ƙin karɓa da neman a soke cajin ta fi ƙarfi matuƙar ba ka yi amfani da shi ba.

In komai daidai ne, ka biya kuɗin shekarar nan take daga asusunka. Dala 75 a kan 300 kashi 25 ke nan na iyakarka a cike, kuma in ka bar ta ta wuce ranar biya, ita ma ruwa zai hau kanta. Lokacin kunna katin za su yi maka tallan wani tsari wai zai biya maka in ka rasa aiki ko ka kwanta ciwo, ana cire kuɗinsa kowane wata gwargwadon bashinka. Ba dole ba ne. Ka ce ba ka so, in sun sake tambaya ka sake cewa ba ka so.

5. Ka riƙe ranaku biyu

Kowane kati yana da ranar rufe lissafin wata da ranar biya, tsakaninsu aƙalla kwana 21. Kowa ya san ta biyun, ta farkon ce ake mantawa. Abin da ke kan katin ranar rufe lissafi shi ne yawanci ake aika wa Equifax da 'yan'uwansa. Wani ɗan'uwa direba ya taɓa nuna min wayarsa ransa a ɓace, wata bakwai bai makara ba amma maki ya ƙi motsi. Da muka duba, mai yake sha da katin har dala 280, ya biya duka ranar biya. A wajen banki mutumin kirki ne, a rahoto kuwa kullum katinsa cike yake fal. Muka mayar da biyansa kwana uku kafin ranar rufewa, a wata na gaba makin ya ɗaga.

Saboda haka ka sa abu ɗaya ƙarami a kan katin, kamar kuɗin layin waya. Ka yi ƙoƙari abin da zai fito a lissafi kada ya wuce dala 30 a kan katin 300, in ya yi yawa kada ya haura 90. In ka kashe fiye da haka, ka rage shi kafin ranar rufewa. Bayan lissafi ya fito ka biya shi duka. Za ka ji ana cewa a bar ɗan bashi ya kwana don maki ya hau. Ba gaskiya ba ne, ruwa kawai za ka biya a banza.

Ka saita biyan kai-tsaye daga asusunka a kan cikakken lissafin wata. In kuɗinka ba ya zama a asusu, ka saita shi a kan mafi ƙarancin biya don tsaro, sauran ka riƙa turawa da hannu. In ranar biya ta faɗo kusa da ranar haya, ka roƙe su su canza ta, yawanci suna yarda.

Gargaɗi uku. Kada ka tura kuɗi gida da wannan kati. Bankuna da yawa suna lissafa turawa ta Western Union ko MoneyGram a matsayin cirar tsabar kuɗi, wadda take da cajinta, ruwanta ya fi tsada, kuma yana fara hawa tun ranar, ba rangwame. Na san yadda zuciya take in an kira cewa Hajiya tana asibiti, amma a wannan halin rancen ɗan'uwa ko kuɗin adashi ya fi maka. Na biyu, famfon gidan mai da otal da kamfanin hayar mota suna riƙe wani adadi a kan kati na 'yan kwanaki, wanda zai iya toshe ƙaramar iyaka. In za ka sha mai, ka shiga ciki ka faɗi adadin da kake so. Na uku, wasu bankunan sukan yi kwanaki kafin su sake maka gurbin kuɗin da ka biya, don haka kada ka biya yau ka dogara da katin gobe.

6. In ka makara

Makarar kwana ɗaya tana jawo tara, kusan dala 30 a karon farko, fiye da 40 in ka maimaita cikin wata 6, sai dai tarar ba za ta wuce mafi ƙarancin biyan da ake binka ba. Amma ba a kai sunanka rahoto sai makarar ta cika kwana 30. In ta cika, tabon yana zama shekara 7. Don haka da ka farga, ka biya a ranar, sannan ka kira ka roƙi a yafe tarar. In karon farko ne sau da yawa suna yafewa.

7. Neman ƙarin iyaka

Ka fara tambayar kanka me za ka yi da ƙarin. Amfaninsa na gaskiya ɗaya ne: dala 60 a kan katin 300 kashi 20 ce, a kan katin 600 kashi 10 ce. In kana son ƙarin ne don kuɗi ba sa isar ka, to matsalar ba ta iyaka ba ce, ƙarin kuma rami zai zurfafa maka.

Ƙari iri biyu ne, wanda banki ya yi da kansa da wanda ka roƙa. Yawanci ba sa duba maganar sai asusu ya yi wata 6 ana biya ba fashi. Kafin lokacin ka shirya abu uku. Ka riƙa amfani da katin kowane wata, domin ba a ƙara wa katin da yake kwance a aljihu. Ka tabbata ba makara ko ɗaya. Sannan ka sabunta adadin abin da kake samu a shafin bankin, saboda doka ta wajabta musu duba ƙarfin biyanka kafin su ƙara, kuma in tsohon adadin lokacin da kake wankin kwanuka ne a wurinsu, da shi za su auna ka. Ana rubuta samun shekara kafin cire haraji. Wanda ya kai shekara 21 yana iya haɗawa da kuɗin mata ko miji in yana da ikon taɓa su. Kada ka ƙara ko dala ɗaya a kan gaskiya. Ƙarya a takardar neman bashin banki laifi ne a dokar tarayya, mai neman takardun zama kuma ba ya buƙatar irin wannan a bayansa. In tuƙi kake yi, ka rubuta abin da takardar harajinka za ta iya tabbatarwa.

Ranar roƙo, ka zaɓi lokacin da katin yake kusan fanko. Kafin ka yarda a ci gaba, ka yi tambaya biyu. Shin za su yi binciken da yake barin tabo a rahoto ne, ko leƙawa kawai za su yi? Sannan, akwai caji a kan ƙarin? In sun tambaye ka adadi, kada ka yi tsalle daga 300 zuwa 2,000. Ka nemi 500 ko 600.

Tambaya ta biyun nan ita ce ta sa na rubuta wannan bayani. Wasu katunan suna cajin kashi 25 cikin 100 na duk abin da suka ƙara maka. A wata na 14 na buɗe lissafina na ga iyaka ta koma 400, na ji daɗi, sai na gangara ƙasa na ga an rubuta dala 25. Na biya kuɗi ke nan don a ba ni izinin cin bashin dala 100, bashin da in na ci zan biya da ruwan 36. Na koma yarjejeniya na tarar akwai wa'adin ƙin karɓa, na kira na ce a mayar da iyakar yadda take, aka cire cajin. Ka nemo wannan sakin layin a taka yarjejeniyar tun yanzu, ka san kwana nawa aka ba ka, in kuma ana iya kashe ƙarin da suke yi da kansu, ka kashe.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: kada ka sayi ƙarin iyaka. Abin da ƙarin zai yi wa makinka, biya sau biyu a wata zai yi maka shi kyauta. In kuma katin jingina gare ka, a wasu bankuna kana iya ƙara ajiyarka iyakar ta hau, kuɗin kuma yana nan naka. Ka lura da wani abu ma: a wasu katunan kuɗin shekara yana bin girman iyaka, sai ƙarin ya zo da ƙarin caji kowace shekara.

8. In sun ƙi

Dole su sanar da kai cikin kwana 30, su faɗi dalili ko su gaya maka yadda za ka nemi dalilin. In da rahoton kiredit suka yi hukunci, kana da kwana 60 ka karɓi kwafinsa kyauta daga kamfanin da suka ambata. Kada ka yaga wasiƙar don haushi, ita ce take nuna maka abin da za ka gyara. In ta ce asusu bai daɗe ba, jira ne maganinsa. In ta ce bashi ya yi yawa, ka sauke shi. Ka bari wata 3 zuwa 6 kafin ka sake nema. In kuma caji ka gani wanda ba ya cikin yarjejeniya, ka rubuta musu a takarda cikin kwana 60 daga fitowar lissafin, ka ajiye kwafi. In sun yi biris, ka shigar da ƙorafi a shafin CFPB.

9. Sauka daga tsanin

Ka sa alama a littafinka a wata na 10. A lokacin kana da maki, kana da tarihin biya na kusan shekara. Ka koma shafukan gwaji ka duba ko katin da ba shi da kuɗin shekara zai karɓe ka. Ka kuma kira bankinka ka tambaya ko za su mayar da kai wani katinsu marar caji, domin in sun yarda tarihinka yana ci gaba a asusu ɗaya. In ba su yarda ba, kada ka rufe tsohon sai sabon ya shigo hannunka.

Za a tsoratar da kai cewa rufe kati yana rusa maki. Yakan ɗan sauka saboda jimillar iyakarka ta ragu, amma asusun da aka rufe lafiya yana zama a rahoto har kusan shekara 10 yana yi maka shaida. Ban ga dalilin biyan dala 120 kowace shekara don tsoron wannan ba. Inda kawai zan ce ka dakata shi ne in kana shirin neman gidan haya ko sayen mota cikin wata biyu ko uku, sai ka gama wannan tukuna.

Wajen rufewa ka bi tsari. Ka ɗauke kuɗin waya da duk wani biyan wata-wata daga kan katin. Ka biya shi ya koma sifili, kuma ka yi haka kafin kuɗin shekara ta biyu ya faɗo. Ka kira ka ce a rufe, ka rubuta rana da lambar shaidar kiran, ka nemi su aiko da tabbaci a rubuce. Za su yi maka tayin rage caji don ka zauna, ka gwada tayin da shafin lissafinka kafin ka amsa. Ka buɗe lissafin wata biyu masu zuwa, domin wani lokaci ragowar ruwa ko kuɗin wata yakan biyo baya, kuma dala 6 da aka manta tana iya zama makarar kwana 30. Bayan wata biyu ka ciro rahotanninka uku, ka tabbata kowanne ya nuna asusun a rufe, ba bashi, kuma da buƙatarka aka rufe shi. In na jingina ne, ka bi sawun kuɗin ajiyarka har ya shigo asusunka, sannan ka datse katin da almakashi ta kan ɗan ƙarfen da ke jikinsa.